Kujeru Biyu a Hanyar Msinga: Ban Kwana da Baba Dumezweni Mvelase

Cikin alhinin da har yanzu ya hana mu zama wuri ɗaya, Ƙungiyar 'Yan Wasan Fim da Ma'aikatan Bayan Kyamara ta Kwarin Thukela, a madadin Shugabanta da Majalisar Dattawanta da ɗaukacin mambobinta na Durban da Johannesburg da ƙauyukan da muka fito, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanmu kuma abokin aikinmu, tsohon Kofur na rundunar sojan ƙasa, fitaccen jarumi, dattijon wannan Ƙungiya, Baba Dumezweni Mvelase, wanda ƙasar nan kaf ta fi sani da Sajan Phungula. Ya cika ranar Talata, huɗu ga watan Maris, wajen ƙarfe ɗaya na rana, a cikin motar ƙaninsa, a gindin dutsen Van Reenen, yana da shekara hamsin da shida a duniya. Likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa, uwarmu MaNdaba, da 'ya'yansu huɗu, da ƙaninsa Baba Celani Mvelase, da dukkan zuriyar Mvelase ta Msinga. Muna kuma miƙa ta ga wani gida da yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba, wato gidan Ximba, musamman ga Gogo MaSokhela, tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai, wadda marigayin yake kira uwa. Dalilin sa sunanta a nan shi ne dalilin tsawon wannan takarda, don haka ku daure ku karanta har ƙarshe, domin akwai abin da muke roƙo a wurinku, kuma ba furanni ba ne.

Baba Mvelase ya shiga soja a 1994, shekarar da aka haɗe rundunonin ƙasar nan wuri ɗaya, ya yi shekara tara yana sanye da kaki, ya yi aiki a Lesotho da Burundi, ya fita da igiya biyu a hannu da takardar sallama mai tsabta. Igiya ta uku fim ne ya ba shi, kuma shi kansa yakan yi dariyar abin, yana cewa a bariki ya yi shekara tara yana wanke takalmi ba a ƙara masa girma ba, sai ga shi wani darakta mai gajeren wando ya mayar da shi Sajan kafin a sha shayin safe. Tun daga fim ɗin Sajan Phungula Ya Dawo Gida, sunansa na yanka ya ɓata a bakin jama'a. Direbobin tasha suna sara masa, matan kasuwa suna cika masa leda da lemu ba tare da ya taya ba, tsofaffin sojoji kuwa sukan riƙe hannunsa su ƙi saki.

A cikin shekara ashirin da ɗaya ya fito a fim talatin da huɗu. Shi ya kawo mana tarbiyyar bariki: yakan iso wurin ɗaukar fim kafin mai girki, ya haddace takardar wasansa tun daga gida, kuma idan yaran zamani suka riƙe bindigar wasa suna juya ta suna ɗaukar hoto, yakan karɓe ta ya ajiye, ya ce ko ta roba ce ba a nuna wa mutum bakinta. Shi ya tsaya tsayin daka har aka daina barin masu haske da masu ɗaukar kaya su ci abinci a tsaye bayan manyan jarumai sun ƙoshi. Ya koyar da ɗimbin matasa kyauta a zauren coci a Umlazi, kuma da yawa daga cikin waɗanda kuke tafa wa yau, a gabansa suka fara koyon buɗe baki.

Amma mun san abin da aka riƙa faɗa a kansa, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. An ce suna ya sa masa girman kai, domin idan ka kira shi ta baya, ko da uwarsa ce kai, ba zai waiwaya ba. An ce yana da tsirfa, domin duk inda za a yi aiki sai an ajiye kujera ɗaya kusa da tasa, da tsohon bargon soja a kai, kuma ba mai zama a cikinta. An yi masa dariya da yake sa rigar sanyi a Durban a watan Janairu, lokacin da kwalta take narkewa. Masu shirya fim sun sha yin tsaki domin ba ya bin babbar hanyar Johannesburg a mota, sai dai jirgi, ko a zagaya da shi ta Newcastle. Jaridu sun ci abinci da waɗannan labarai shekara da shekaru. Da izinin MaNdaba, wadda ta ce mini in faɗa duka kada in rage, da kuma amincewar Majalisar Dattawa, ni da na sa hannu a wannan takarda zan ajiye bakin Ƙungiya na ɗan lokaci in yi magana da nawa, domin kafin in zama kakaki, ni ce mai kula da tufafinsa shekara ashirin, kuma ina da hannu a cikin abin da zan faɗa.

A watan Satumba na 1998, cikin sojojin da aka tura Lesotho, akwai Dumezweni da amininsa Fanozi Ximba, ɗan Gogo MaSokhela tilo. Tare suka yi kiwon awaki a Msinga, tare suka shiga soja. A kan wani tudu can cikin duwatsu harsashi ya sami Fanozi, ya cika a kan cinyar Dumezweni, kuma abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne: "Dume, kada ka bar ni a nan, akwai sanyi." An kawo gawar gida cikin akwati da tuta, an binne ta da girmamawa. Sai dai kowa a cikinmu ya san gawa daban, mai gawar daban.

Don amfanin waɗanda birni ya mantar da su, ko suke nuna kamar ya mantar da su: wanda ya mutu a nesa da gida, kurwarsa tana nan inda ya faɗi har sai an je an ɗauko ta. Ana yanko reshen magaryar kura, a je wurin, a durƙusa, a kira shi da sunansa da kirarin gidansu, a ce masa tashi mu tafi gida. Daga nan mai riƙe da reshen ba ya magana da kowa sai mamacin, ba ya waiwaya, ba ya komawa baya. Ana bar wa mamacin kujerarsa a mota. Ana gaya masa kowane gari da aka shiga, da kowane ruwa da za a tsallaka, don kada ya ɓata. Idan mai reshen ya amsa wa wani mai rai, to a nan ya ajiye wanda ya ɗauko. Kakanninmu ba su yi karatun boko ba, amma ba su taɓa rikita wannan ba.

Fanozi ba shi da uba a raye, ba shi da wa ko ƙane, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san ainihin tudun. Gogo MaSokhela ta ɗora wa Dumezweni aikin, ta ce ai shi ma ɗanta ne. Ya amsa, amma ya yi shekara goma sha ɗaya yana ɗagawa, yau aiki, gobe fim, alhali gaskiyar ita ce tsoron komawa wurin yake yi. Sai a watan Yuli na 2009, lokacin da sunansa ya cika ƙasa, ya ce mini in kai shi, domin ni ce ba na surutu a mota. Mun hau dutsen, ya sami wurin ba tare da ya yi kuskuren taku ɗaya ba, ya durƙusa ya kira amininsa, ya tashi. Ya zauna a baya, reshen a hannunsa, kujerar gefensa babu kowa. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa duk tsawon hanya: Fanozi, ga Butha-Buthe. Fanozi, ga kogin Mohokare, za mu tsallaka. Fanozi, mun shigo ƙasarmu.

Ni ce ban cika tanki ba. Na dubi allurar mai na ce za ta kai mu, ba ta kai mu ba, dole na tsaya shan mai a Harrismith da rana tsaka. Wata dattijuwa mai sayar da tuffa ta hango shi. Ta ajiye kwandonta ta zo tana buga gilashin baya tana kuka, tana cewa: "Sajan! Sajan, ɗana! Yarona ya dawo daga yaƙi shekara bakwai bai ce uffan ba, sai da ya ga fim ɗinka ya buɗe baki ya gaya mini. Sajan, dube ni mana!" Mutumin da aka rene shi a kan cewa ba a barin tsohuwa tana magana ita kaɗai, ya juya, ya ce: "Na gode, Mama." Kalma uku ke nan. Na ga fuskarsa ta madubi lokacin da ya ji abin da ya fito daga bakinsa, kuma har in mutu ba zan daina ganinta ba.

Abin da ya kamata shi ne mu tsaya, ya sauka ya durƙusa ya ba Fanozi haƙuri ya sake kiransa. Amma kafin ƙiftawar ido mutane sun rufe motar, ana ihu ana sara masa, sai na tsorata na taka mota. Daga Harrismith har Msinga bai sake cewa ga gari ko ga ruwa ba. Da muka iso, an riga an ɗaure akuya, giyar dawa ta nuna, dangi sun cika tsakar gida, Gogo ta fito tana guɗa tana share hanya da gefen zaninta tana cewa ɗanta ya dawo. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Aka yanka akuyar, aka ɗora reshen a kan kabari, muka ci nama. Kaico, har ƙari na yi don kada a gane.

To, ga girman kan da kuka gani. Tun daga ranar bai sake waiwayar mai kiransa ta baya ba. Kujerar nan da bargo ta Fanozi ce, ko da zai biyo sawu. Babbar hanyar Johannesburg da yake gudu, ta Harrismith take bi. Sanyin da yake ji a Janairu kuwa, ya taɓa ce mini ba nasa ba ne. Idan ana fim ɗin da wani zai mutu a hannunsa, yakan yi shi sau ɗaya tak, ya yi shi har mai kyamara ya yi hawaye, sannan ya shiga ɗakin tufafi ya zauna a ƙasa tsakanin riguna, ni kuma in ja ƙofa in tsaya a bakinta in ce wa darakta ana gyaran maɓalli. Kun ba shi lambar yabo sau uku a kan irin waɗannan fitowa. Shekara goma sha biyar da 'yan watanni muna ɗauke da wannan mu biyu, ba mu taɓa furta sunan Harrismith a tsakaninmu ba.

A watan Janairun bana ya je gaida Gogo kamar yadda ya saba. MaNdaba tana wurin, ita ta ba ni labari. Tsohuwar ta zuba masa tuwon masara da kindirmo, ta jira ya fara ci, sannan ta ce: "Dume, mahaifin Fanozi, wanda ko yana da rai ba ya zaman gida, yana zuwa mini a mafarki har na gaji da shi. Fanozi bai taɓa zuwa ba, ko sau ɗaya. Kwanana sun ƙare, kuma ba zan tafi in tarar ba ya can ba. A ina ka ajiye mini yaro?" Ya ajiye cokali, ya durƙusa, ya faɗa mata duka. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi kawai: "Shekara goma sha biyar a gidan mai, cikin sanyin Harrismith. Tashi ka je ka ɗauko shi."

Ranar Talatar nan abin da ya je yi ke nan. Ni na shirya masa kaya: shuɗiyar rigar leburori, da hular ulu, da tabarau, ta yadda ko MaNdaba sai da ta duba sau biyu. Baba Celani ne ya tuƙa. Ba wanda ya gane shi. A Harrismith ya durƙusa a gefen famfon mai da sabon reshe a hannunsa, ya daɗe yana ba amininsa haƙuri, ya kira shi, ya shiga mota. Suna kaiwa saman dutsen Van Reenen, Celani ya ga gumi yana zuba daga fuskar wansa, hannunsa ɗaya a ƙirji. Ya tambaye shi, bai amsa ba. Ya ce masa: "Yaya, asibiti yana bayanmu kusa, bari in juya." Sai Dumezweni ya damƙe kafaɗarsa ta baya ya nuna gaba. Sau uku Celani yana roƙonsa, sau uku yana nuna gaba. Bakinsa bai rufe ba, amma ba da ƙaninsa yake magana ba. Yana cewa: Fanozi, muna gangarawa. Fanozi, yanzu sai ka riƙe ni. A gindin dutsen akwai wata ƙaramar gada, kuma suna tunkararta Celani ya ji ya ce: "Fanozi, ga ruwa." Bai ƙarasa ba. Celani ya taka birki kafin gadar, ya juya, ya tarar da reshen a kan cinyar wansa, hannun ya saki.

Muna so a rubuta, a kuma karanta wa duk wanda ya taɓa kiransa mai girman kai, cewa Baba Dumezweni Mvelase ya ji mutuwa tana hawa ƙirjinsa, kalma ɗaya za ta juya motar, bai faɗe ta ba. Ko juyawar za ta cece shi, Allah kaɗai ya sani, kuma muna roƙon kada wanda ya sake yi wa Baba Celani wannan tambaya, domin bai yi barci ba tun ranar.

Ga waɗanda suka tsaya a bakin gadar, suka gane fuskarsa da hular ta zame, suka zaro waya maimakon su cire hula, Ƙungiya tana cewa tir. Haba jama'a! Mutum yana kwance ƙaninsa yana kuka, ku kuna neman wurin da haske ya fi kyau? Ku goge waɗannan hotuna. Gidajen jaridar da suka sa su, mun gani, kuma mun san sunayenku.

Da aka kai wa Gogo MaSokhela labari, sai ta ce: "To, yanzu dai ɗana ba shi kaɗai ba ne." Sannan ta ce a nemo mata bargonta da sandarta, domin ta aiki mutum sau biyu, na uku da kanta za ta je. 'Ya'yan 'yan'uwanta sun ce jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba, ta ce musu jikin ai nata ne.

Saboda haka, ga roƙon iyalan biyu, kuma Ƙungiya tana bayansu da dukkan nauyinta. Ranar Juma'a, sha huɗu ga Maris, da hantsi, wata farar mota za ta taso daga gindin dutsen Van Reenen, ta bi ta Ladysmith da Ezakheni da Pomeroy zuwa Msinga. A cikinta akwai Baba Celani riƙe da reshen wansa, da Gogo MaSokhela riƙe da reshen ɗanta, da kujeru biyu da za ku ga kamar babu kowa. Mun san ƙaunar da kuke yi wa Sajan, mun kuma ji ana shirin tare hanya da waƙa da tutoci. Don girman Allah, kada ku yi. Kada ku tsayar da motar, kada ku bi ta, kada ku buga gilashi, kada ku kira sunansa, na yanka ko na fim. Direbobin tasha, ku riƙe hon ɗinku. Tsofaffin sojoji, idan sarawa ta zama dole, ku yi ta shiru daga nesa. Idan ka san Baba Celani ka gaishe shi ya wuce ka, ba raini ba ne. Ƙauna ce ta ajiye Fanozi a hanya karon farko, ƙaunar wata baiwar Allah da ba ta san komai ba kuma ba mu ɗora mata laifi, amma ku yanzu kun sani. Tsohuwar nan ba ta da wata tafiyar bayan wannan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, sha biyar ga wata, a gidan Mvelase da ke Msinga, da ƙarfe tara na safe. A can ku zo da waƙarku da kukanku, ku kira shi Sajan har muryarku ta dushe, ba wanda zai hana ku.

Muna roƙon Ubangiji Maɗaukaki ya ba MaNdaba da 'ya'yanta ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi, ya sanyaya wa Baba Celani, ya ƙarfafa gwiwoyin Gogo MaSokhela har ta kai ƙofar gidanta, ya sa magabatan Mvelase da na Ximba su buɗe wa 'ya'yansu biyu hanya su karɓe su. Baba, Kofur, Sajan namu, ka yi wa ƙasa aiki sau biyu, da kaki da kuma gaban kyamara, Ƙungiyarka tana yi maka ban kwana da kai a sunkuye.

Abu ɗaya ya rage. Jiya na je Msinga na durƙusa a gaban Gogo na faɗi nawa laifin. Ta dube ni ta ce: "Ashe ke ce mai tankin. To, 'yata, ke kika tsaya, ke za ki ƙarasa." Don haka ranar Juma'a ni ce a kan sitiyari. Tankin a cike yake, na duba shi da idona. Ko wane ne ya ɗaga mini hannu a hanyar nan, ko ɗan da na haifa ne, ya yi haƙuri, ba zan tsaya ba.

Sa hannu:
Gcinile Hadebe
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Kakaki,
Ƙungiyar 'Yan Wasan Fim da Ma'aikatan Bayan Kyamara ta Kwarin Thukela
Durban, Alhamis, 6 ga Maris, 2025